Hidimar Da Na Yi a Ɗakin Girkin Langar na Amritsar

Duk wanda ya zauna a arewacin Indiya, ko da na 'yan watanni ne, zai lura cewa waliyyan ƙasar da jagororin addini, waɗanda ake kira guru, suna nan tsundum cikin harkokin mutane na yau da kullum, ko da kuwa sun yi ɗaruruwan shekaru da barin duniya. Hotunansu suna manne a gaban motocin haya da bayan kantar masu shaguna, an sanya sunayensu ga makarantu da asibitoci, ɗaya daga cikin manyan tashoshin jirgin ƙasa na Delhi tana amsa sunan Hazrat Nizamuddin, filin jirgin saman Amritsar kuma yana amsa sunan Guru Ram Das. Lokacin da karatu ya kai ni wata jami'a a can, abin da ya tsaya mini a rai shi ne in san ko akwai wani abu na zahiri da ya rage daga koyarwar waɗannan mutane, wanda talaka yake amfana da shi a cikinsa da kuma mutuncinsa. Wani abokin karatuna, mabiyin addinin Sikh daga wani ƙauye a jihar Punjab, ya ce bayani da baki ba zai wadatar da ni ba, sai dai in bi shi Amritsar in sa hannu a aikin ɗakin girkin da suke kira langar, inda ake ciyar da duk wanda ya zo kyauta, dare da rana.

Ban amsa nan take ba, domin ni Musulmi ne, wurin kuma wurin ibadar wani addini ne, don haka sai da na tantance abin da zan iya yi da abin da ba zan yi ba. Batun abinci ya zo da sauƙi, tunda ba a dafa nama ko kifi ko ƙwai a langar, kuma hakan yana ba mabiyin Hindu da ba ya cin nama da Musulmin da ke neman yankan halal damar zama a shimfiɗa ɗaya ba tare da ɗayansu ya yi ɗar-ɗar ba. Na gaya wa abokina cewa ba zan sanya goshina a ƙasa ga kowa ba sai ga Allah, kuma ba zan karɓi alewar alkama da man shanu da suke rabawa bayan addu'arsu ba, wadda suke kira karah parshad, domin ita ɓangare ce ta ibada. Ya ce babu mai tilasta mini ko ɗaya daga ciki, kuma haka na tarar. Game da salla kuwa, ya nuna mini cewa Masallacin Khairuddin yana nan a Hall Bazaar cikin tsohon garin, tafiyar da ba ta da nisa. Da wannan muka hau jirgin ƙasa daga Delhi, muka ratsa gonakin Haryana da Punjab na kusan kilomita 450, muka sauka bayan kimanin awa shida.

Matakin farko shi ne rabuwa da takalmi. Kafin a shiga harabar Harmandir Sahib, babban wurin ibadar mabiya Sikh inda langar ɗin yake, wanda duniya ta fi sani da Haikalin Zinariya, akwai wani dogon ɗaki mai tagogi da yawa inda kowa yake miƙa takalminsa a ba shi wata 'yar alamar ƙarfe mai lamba. Wanda ya karɓi nawa dattijo ne mai farin gemu da rawani mai tsafta, ya sa hannu biyu ya ɗauka, kuma daga bayansa ina hango wasu suna zaune suna goge takalman baƙin da ba su sani ba. Wanda bai san Indiya ba zai ɗauki wannan a matsayin kyakkyawan tsari kawai, amma al'amarin ya fi haka zurfi. A ƙasar da aka daɗe ana rarraba mutane zuwa azuzuwan gado, inda sana'ar mutum da darajarsa suke biyo haihuwarsa, taɓa fata da takalmi aiki ne na waɗanda aka mayar ƙasƙantattu, mutanen da a da ake ƙyamar ko inuwarsu. Jagororin Sikh sun ɗauki ainihin wannan aiki suka sanya shi cikin hidimar da ake rububin yi, wadda suke kira seva, har ya zama ɗan kasuwa mai dukiya ko babban ma'aikaci yakan keɓe wasu sa'o'i ya zo ya tsaya a bayan wannan taga.

Bayan takalmi sai rufe kai. Abokina ya riga ya sanar da ni cewa ƙyalle ake so mutum ya ɗaura, don haka na sa hulata a jaka na ɗauki ɗaya daga cikin ƙyallayen ruwan goro da aka tara a bakin ƙofa domin baƙi. Ba a shiga da taba ko sigari ko giya. Muka wanke hannu, muka taka ta cikin wani kwararon ruwa mara zurfi da ke wanke ƙafar kowa, sa'an nan muka gangara matakala, domin an gina wurin ne ƙasa da matakin garin, ta yadda mai shigowa saukowa yake yi. Abin da ido yake fara cin karo da shi shi ne babban tafki mai kusurwa huɗu, kewaye da daɓen marmara, ga ginin zinariya a tsakiyarsa, wata gada kuma ta haɗa shi da gaɓa. Guru Ram Das, na huɗu a jerin jagororin Sikh goma, shi ya kafa garin a 1577 ya kuma sa aka haƙa tafkin, ɗansa Guru Arjan ya gina ɗakin ibadar ya yi masa ƙofofi huɗu, ɗaya a kowace fuska, alamar cewa babu ajin mutanen da aka rufe wa hanya. Zinariyar ta zo ne daga baya, a zamanin Maharaja Ranjit Singh, sarkin Punjab, wajen 1830.

Yayin da muke zagaya tafkin, abokina ya gaya mini abubuwa biyu da suka kusanto da wurin zuwa zuciyata. Na farko, riwayar da ta shahara a tsakanin mabiya Sikh ta ce Guru Arjan ya gayyaci Mian Mir, wani shehin ɗariƙar Ƙadiriyya da ke Lahore, ya aza harsashin ginin. Ɗariƙa ce guda da ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda silsilarta take komawa ga Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza. Na biyu, littafinsu mai tsarki, Guru Granth Sahib, wanda Guru Arjan ya tattara ya ajiye a wannan ɗaki a 1604, bai tsaya ga waƙoƙin jagororinsu kaɗai ba. A cikinsa akwai na Kabir masaƙi, da Ravidas baduku, da Namdev maɗinki, da Sain wanzami, da Sadhna mahauci, sannan akwai baitoci sama da ɗari na Shehu Farid, waliyyin ɗariƙar Chishtiyya da ya rasu wajen 1265 a garin da yanzu ake kira Pakpattan a Pakistan, wanda shi ne malamin Nizamuddin na Delhi. Cikin baitocin Farid har da wanda yake ce wa kansa ya tashi ya yi alwala ya yi sallar asuba. Waɗannan kalmomi ana rera su a nan, kuma mutanen da ke sunkuyar da kai ga littafin suna sunkuyarwa ne ga shafukan da ke ɗauke da maganar baduku da ta shehin Musulmi tare da ta jagororinsu. Shi ma ciyar da jama'a kyauta ba baƙon abu ba ne ga Punjab kafin zuwan Guru Nanak, domin zawiyoyin Chishtiyya, ciki har da ta Farid, sun daɗe suna yi.

Na so mu wuce kai tsaye wurin aiki, amma abokina ya ce sai mun ci tukuna, ya kafa hujja da dokar Guru Amar Das, jagora na uku, wanda ya zauna a Goindwal ya kuma shimfiɗa sharaɗin cewa duk mai son ganinsa sai ya fara zama a sahun masu cin abinci kafin a shigar da shi majalisa. Ana riwaito cewa Sarki Akbar na daular Mughal ma da ya zo, sai da ya zauna a ƙasa ya ci tare da talakawa. Muka shiga layi a ƙofar ginin langar, wanda shi ma yake amsa sunan Guru Ram Das. Babu rajista, babu mai tambayar suna ko addini ko ƙasa. Wani ya miƙo mini farantin silba mai rabe-rabe, na gaba ya ba ni kwano, na gabansa ya ba ni cokali, muka jira a bakin zauren har aka sallami waɗanda suka riga mu aka goge daɓen, sa'an nan aka buɗe ƙofa jama'a suka kwarara ciki. Dogayen shimfiɗu ne a jere daga wannan bango zuwa wancan, kowa ya zauna a inda sahu ya kai shi ya harɗe ƙafa. A damana akwai wani tsoho mai tsummokara wanda da gani ka san a titi yake kwana, a haguna abokina, a gabanmu kuma wata mata mai awarwaron zinariya tare da 'ya'yanta.

Masu rabo suka taho da bokitai, wannan yana zuba miyar ƙananan wake da suke kira dal, wancan miyar ganye da dankali, wani shinkafa, wani kuma shinkafar madara mai zaƙi da suke kira khir. Mai gurasa, wato roti, yana tafe da kwando, kuma a nan ne na ga ƙa'idar da ta fi komai tasiri a kaina: ba a fizgar gurasa da hannu ɗaya, sai mutum ya haɗa tafukansa biyu ya buɗe su sama, mai rabo ya saka masa. Mai awarwaron zinariya haka ta yi, tsohon da ke damana haka ya yi, ni ma haka na yi. A garuruwanmu mun san sadakar abinci ƙwarai, kuma akwai gidajen da tukunyarsu ba ta sauka saboda baƙi da almajirai, amma galibi mai bayarwa yana tsaye a bakin ƙofa mai karɓa yana durƙushe da kwanonsa, kowa ya san matsayinsa, kuma da wuya maigidan ya taɓa ɗanɗana zaman wancan ɓangaren. Tsarin langar yana tilasta wa mai hali ya zama mai karɓa kafin ya zama mai bayarwa, kuma a ganina nan ne hikimar Guru Amar Das take, domin a ƙasar da Brahman, ɗan aji mafi girma, ba ya cin abin da hannun ɗan ƙaramin aji ya taɓa, wa'azin daidaito zai iya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan, amma wanda ya zauna ya ci ya riga ya karya dokar ajinsa a gaban shaidu.

Da muka gama, muka ɗauki farantanmu muka miƙa wa masu karɓa a ƙofar fita, sannan muka nufi rumfar da ake gyaran kayan miya. Shiga aikin ba ya buƙatar izinin kowa; mutum yana ganin gurbi sai ya zauna, wani ya turo masa wuƙa. Na samu wuri a gefen wani tulin tafarnuwa, cikin da'irar da yawancinta mata ne, wasu suna hira ƙasa-ƙasa, wasu suna maimaita sunan Waheguru, wanda shi ne sunan da suke kiran Ubangiji da shi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta kalli yadda nake ɓare tafarnuwa ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi wani kai daga hannuna ta murƙushe shi da tafinta har 'ya'yan suka warwatse, ta nuna mini in riƙa danna kowanne da gefen wuƙa kafin in zare ɓawon. Tana kirana puttar, wato ɗana, ni kuma ina ce mata Mata ji kamar yadda na ji sauran suna yi. Ta hanyar abokina na fahimci cewa daga wani ƙauye take zuwa a motar haya duk lokacin da ta samu hali, kuma ba ta ɗaukar wannan a matsayin taimakon wani, ibada ce a wurinta daidai da sauraron karatun littafi. Mata suna da daɗaɗɗen tarihi a wannan aiki, domin Mata Khivi, matar jagora na biyu Guru Angad, ita ta riƙe langar a zamaninta, har aka ambaci sunanta a cikin littafin nasu tare da yabon khir mai man shanu da take rabawa.

Daga nan na koma wajen gurasa, wanda shi ne aikin da ya fi neman ƙwarewa. Wasu suna gutsuro kwaɓaɓɓen garin alkama suna dunƙulawa, wasu suna murza dunƙulen da sanda har ya yi faɗi, wasu suna jefa shi a kan wani faffaɗan ƙarfe mai zafi suna juyawa da dogayen sanduna, na ƙarshe kuma suna shafa man shanu suna tarawa a kwanduna. Ni aka ba ni shafa mai, aikin da yake buƙatar sauri fiye da gwaninta, domin gurasar tana zuwa ne babu ƙaƙƙautawa, da zafinta, kuma idan mutum ya yi jinkiri sai ta taru a gabansa. Akwai injuna a wani sashe da ke fitar da dubban gurasa a cikin awa guda, waɗanda ake dogara da su musamman a ranakun cunkoso, amma ba a daina yin ta hannu ba, kuma na fahimci dalili: idan inji ya ɗauke aikin gaba ɗaya, mutane za su rasa abin da ya kawo su. A ɗakin da ke kusa na leƙa na ga tukwanen dal, kowace mutum zai iya shiga ciki ya zauna, ana juya su da muciya mai tsawon mutum, zufa tana zuba daga masu juyawar.

Tambayar da kowane baƙo yake yi ita ce daga ina kayan suke fitowa, tunda dubun-dubatar mutane suke ci a kowace rana, a ranakun bukukuwa kuma adadin yakan kai dubu ɗari ko ya zarce. Amsar tana komawa ga Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 ya rasu a 1539, wanda ya ƙare rayuwarsa yana noma a Kartarpur tare da almajiransa, ya kuma bar musu ginshiƙai uku: ambaton sunan Ubangiji, neman halal da gumin kai, da raba abin da aka samu da wasu. Daga nan aka samu al'adar fitar da kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu, wadda suke kira dasvandh. Manoman Punjab sukan kawo buhunan alkama bayan girbin watan Afrilu, masu shanu su kawo madara, 'yan kasuwa su kawo sukari da mai, waɗanda ke zaune a Kanada da Ingila da Amurka su aiko da kuɗi. Hukumar da ke kula da wurin, wadda aka fi sani da SGPC, tana da ma'aikata masu albashi da ke riƙe da ragamar girkin, amma mafi yawan hannayen da na gani na masu sa kai ne.

Da la'asar ta yi na fita zuwa masallaci, na dawo aka ba ni bokitin dal da ludayi na shiga sahun masu rabo. Aikin yana da nauyi a baya, domin mutum yana tafe ne a sunkuye daga farko zuwa ƙarshen sahu, yana duban farantai, yana zuba wa wanda ya nuna yana so, yana wuce wanda ya ɗaga hannu alamar ya ƙoshi. An gargaɗe ni da abu biyu: kada ludayi ya taɓa farantin mai ci, kuma kada in bambanta wajen zubawa. Na biyun ya fi wuya fiye da yadda ake zato, saboda ido yana da saurin karkata ga mai kyakkyawar sutura, ko kuma ya karkata ga wanda ya fi kama da mabuƙaci har a cika masa fiye da abin da ya nema, wanda shi ma wani nau'in nuna masa matsayinsa ne. Kowa zai iya neman ƙari sau nawa ya so, sharaɗin kawai shi ne kada a bar saura a faranti.

Wurin wanke-wanke shi ne na ƙarshe, kuma tun daga nesa ake jin ƙararsa, domin dubban farantan silba ne suke karo da juna babu tsayawa. Wasu suna kwashe sauran abinci, wasu suna jefa farantan cikin manyan kwanduna, sauran kuma muna tsaye a jere a bakin dogayen kwamin ruwa, maza a nasu layi mata a nasu, faranti yana bi daga kwamin sabulu zuwa na ɗauraya, daga nan zuwa wani, har sai ya ratsa hannaye da yawa kafin a jera shi ya tsane. A al'adar azuzuwan Indiya babu abin da ake ƙyama kamar kwanon da bakin wani ya taɓa, kuma wanke shi aikin bawa ne ko na ƙasƙantacce. A gefena wani matashi ne da ya ce mini injiniya ne a Bangalore, ya zo hutu, a ɗaya gefen kuma wani manomi mai kaushin hannu, dukanmu ruwa ya jiƙa mana riguna har ciki. Na daɗe a nan fiye da ko'ina, har yatsuna suka yi yaushi, kuma babu wanda ya ce mini in tsaya ko in ci gaba. Da na gaji na ja baya, wani ya shiga gurbina kafin in gama share hannu.

Da dare na tsaya daga gefe na kalli yadda ake ɗauke littafin daga ɗakin zinariya a cikin wani ɗan gado mai ado da furanni da ake saɓawa a kafaɗa, ana busa ƙaho, a kai shi makwancinsa a ginin Akal Takht, kafin a dawo da shi da asuba. Ana yi masa haka ne domin shi ne guru a yanzu. A 1708, gab da rasuwarsa, jagora na goma Guru Gobind Singh ya rufe jerin jagorori na mutane, ya ce daga nan littafin ne zai gaje shi. Ban shiga cikin wannan hidima ba, tunda ibadarsu ce, amma na ga amfanin wancan hukunci idan aka duba abin da yake faruwa da wasu masu kiran kansu guru a wannan zamani. A jihohin Punjab da Haryana akwai cibiyoyi da yawa da ake kira dera, kowace da jagoranta mai rai, wasunsu suna da miliyoyin mabiya, da gonaki da asibitoci, 'yan siyasa kuma suna zuwa neman ƙuri'a a wurinsu. Wasu suna aikin alheri na gaske. Amma a watan Agusta na 2017 kotu ta sami Gurmeet Ram Rahim Singh, shugaban Dera Sacha Sauda da ke Sirsa, da laifin yi wa mabiyansa mata biyu fyaɗe, aka yanke masa shekara 20, kuma tarzomar da magoya bayansa suka tayar ta ci rayuka sama da 30. Inda aka ɗora komai a kan mutum ɗaya mai rai wanda ba a iya tambayarsa, ƙofar irin wannan ɓarna a buɗe take, kuma talakawan da suka je neman mafaka su ne suke fara shan wahalarta.

Sai dai kuma bai kamata in bar mai karatu da zaton cewa langar ya kawar da bambancin aji a Punjab ba. Abokina da kansa ya gaya mini cewa a ƙauyensu wuraren ibada biyu ne, ɗaya na masu gonaki, ɗaya na 'yan Dalit, wato zuriyar waɗanda aka mayar ƙasƙantattu, kuma aure tsakanin ɓangarorin biyu abu ne da har yanzu yake tayar da ƙura. Ƙidayar 2011 ta nuna cewa kusan kashi 32 cikin ɗari na mutanen Punjab 'yan waɗannan azuzuwa ne, kaso mafi girma a duk jihohin Indiya, amma gonakin da ke hannunsu kaɗan ne ƙwarai, kuma wannan wariya tana cikin dalilan da suke kai su ga cibiyoyin dera, inda suke jin an karɓe su. Shi kansa Harmandir Sahib ya taɓa faɗawa cikin wannan hali, domin a farkon ƙarni na ashirin masu kula da shi ba sa karɓar karah parshad daga hannun 'yan ƙananan azuzuwa, har sai a watan Oktoba na 1920 da wasu daga cikinsu suka zo tare da masu neman gyara suka dage a karɓa. Wannan yunƙuri ne ya haifar da SGPC a shekarar, da kuma dokar 1925 da ta ƙwace wuraren ibadar daga hannun masu gadonsu. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne cewa koyarwar jagororin ba ta tsare kanta ba, sai da mutane suka tashi suka kafa hujja da ita a kan shugabanninsu, kuma sun sami abin kafa hujjar ne saboda an rubuta ta an kuma mayar da ita aikin da ake yi kullum a bainar jama'a.

Tasirin wannan horo yana bayyana a wajen harabar ma. A cikin Amritsar akwai gidan Pingalwara, wanda Bhagat Puran Singh ya fara bayan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, inda ake kula da naƙasassu da marasa lafiyar da danginsu suka yasar. Lokacin zanga-zangar manoma a kan iyakokin Delhi a 2020 da 2021, tukwanen langar ne suka ciyar da dubban mutane na tsawon watanni a kan titi, kuma a lokacin da cutar korona ta tsananta a 2021, wasu wuraren ibadar Sikh sun riƙa ba marasa lafiya iskar oksijin kyauta a bakin ƙofarsu. Mutanen da suka saba dafa wa dubbai tun suna yara ba sa buƙatar dogon taro kafin su kafa murhu idan masifa ta auku.

Bayan na koma Delhi na ci gaba da zuwa Gurdwara Bangla Sahib, wani wurin ibadar Sikh kusa da Connaught Place, idan karatu ya ba ni sarari. Wurin yana da alaƙa da jagora na takwas, Guru Har Krishan, wanda ya sauka a nan a 1664 lokacin annobar agana, ya riƙa taimakon marasa lafiya har cutar ta kama shi ya rasu yana yaro ɗan ƙasa da shekara takwas. A yau akwai langar a wurin, akwai kuma asibitin da ake duba marasa lafiya da yin gwaje-gwaje a kan kuɗi kaɗan. Na ambaci wannan ne saboda 'yan uwanmu da yawa daga Najeriya da Nijar suna zuwa Delhi neman magani, masu jinyarsu kuma sukan daɗe har guzuri ya yi ƙasa, ba tare da sun san cewa akwai inda za su ci abinci mai tsafta, wanda babu nama a cikinsa, ba tare da an tambaye su ko su wane ne ba. Ƙa'idojin shiga su ne waɗanda na bi a Amritsar: a cire takalmi, a rufe kai, a wanke hannu da ƙafa, kada a shiga da taba, a zauna a sahu a karɓi gurasa da hannu biyu, wanda kuma yake da ƙarfi da lokaci ya wuce wurin wanke-wanke bayan ya gama ci.